Tsagar Bangon Bene

Malam ya tura rula cikin tsagar bangon, sai ta shige har rabi. Shekaranjiya ko bakinta ba ya shiga.

Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya, kuma mutum ne da ko da wasa ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Wannan halin ne ya cuce shi yau, da ya tara 'yan hayan benen a gindin matakala.

"To Malam, me ke tsaga bangon?" in ji wakilin mai gida, yana kaɗa makullai.

"Ko nauyin sabon tankin ruwan da kuka ɗora a sama, ko ƙasar da ke zaizayewa ƙarƙashin ginin. Ban tantance ba tukuna."

"Kun ji ko? Shi kansa bai sani ba!"

"Tsaya mana. A kimiyya, nazariyya ita ke bayyana dalilin abu, ana gwada ta, ana gyara ta. Doka kuwa abin da ke faruwa kullum take faɗa: nauyi in ya rasa abin da ke riƙe da shi, ƙasa zai yo. Dalilin nake nema, faɗuwar kam babu tantama."

"Kai, Baba Malam, an fara darasi!" in ji telan da ke hawa na biyu. Aka kwashe da dariya, kowa ya kama gabansa. Maijegon hawa na uku ta gyara goyonta ta haye sama.

Haushi ya ishi Malam, na kansa ma ya fi yawa. Ya shiga ɗaki ya ce wa matarsa ta ɗauki magungunanta ta fita bakin titi. Ta dubi fuskarsa, ta nemi takalmanta.

Wajen azahar aka kawo wuta. Injin tura ruwa ya tashi da ruri, ruwa ya fara hawa tanki. Malam na tsaye a tsakar gida, yashi ya zubo masa a kafaɗa. Can sama wani abu ya ce ƙas. Ta tagar hawa na uku yana jin maijego tana yi wa jaririnta waƙa.

Ya tattara hannuwa a baki.

"Gobara! Jama'a, gobara!"

Nan take ƙofofi suka fara buɗewa.