Gurbin da Mato Ya Ɗaure

A baro aka shigo da Mato unguwa, ƙafafunsa na reto, wandonsa ya sha taɓo har gwiwa. Zainaba tana ƙofar gida tana kankare kaskon suya ta hango su. Mai turo baron kuwa autanta ne, Haliru, sai haki yake yana waige-waige kamar wanda ya ɗauko kayan sata.

"Innalillahi! Kai, me ya same shi?"

"Faɗuwa ya yi, Inna. A bakin gurbi."

"Haka kawai mutum ya faɗi?"

Haliru ya sunkuyar da kai, ya ƙara wa baron sauri ya shige zauren Mato. Zainaba ta bi shi da ido. Ita ta haife shi, ta kuma san ruwa ba ya tsami banza.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Mato, shekara talatin da 'yan kai. Shi ne Sarkin Ruwan ƙauyen nan na gefen Fassi, sarautar da yanzu ba ta da komai sai suna, domin ruwan da ake sarautar ya kusa ƙarewa. Zainaba 'yar masunta ce, da suyar kifi ta rayu ta aurar da 'ya'yanta, kuma a idonta rafin ya lalace. Masu tifa suka kwashe yashinsa har gaɓa ta zube. Masu gawayi suka sare itatuwan bakinsa. Injinan ban ruwa suka zo suka tsotse abin da ya rage. Kowa yana kallo, kowa yana cewa Allah ya kyauta.

Mato kaɗai ne bai tsaya ga Allah ya kyauta ba. Shekara bakwai ya yi yana ɗauko duwatsu a ka yana tokare gaɓa, yana dasa ciyawar jema da itatuwan giyayya, yana kwashe ƙasar da ta cike gurbin da ke gindin tsohon baure. Mutane suna wucewa a kan babur suna yi masa sannu da aikin banza. A haka gurbin ya dawo ya yi zurfi, har ya zama in bazara ta yi rafi ya yanke, nan kaɗai ruwa yake kwana. Duk wata tarwaɗa da kurungu da karfasa da suka rage a rafin nan suke taruwa su jira damina, in ruwa ya haɗe su bazu su hayayyafa. In gurbin ya ƙafe, kifin rafin ya ƙare ke nan, babu wani wurin da iri zai fito.

Shi ya sa duk shekara Mato yake ɗaure gurbin yadda iyayensa suke yi. Sai ya kafa gora a bakin ruwa, ya ƙulla mata kaba a ka. Muddin gorar tana tsaye, ba mai jefa koma, ba mai sa ƙugiya, sai an yi ruwan sama uku wanda ya ɗaure ya zo ya kwance da hannunsa.

Da aka tafi da Mato asibiti a Rano, Zainaba ta tsare Haliru a tsakar gida.

"Mesar inji ka zura a gurbin?"

"Inna, albasata ƙonewa take yi. Kwana huɗu ba ta ga ruwa ba."

"Tambayarka na yi."

"Na zura. Shi kuma ya zo ya kama mesar yana ja, ina cewa Baba Mato ka bari, ka bari, sai ya tafi luu. Wallahi ko yatsa ban ɗora masa ba."

"Tsoho mai shekara saba'in yana kokawa da inji, kana tsaye kana cewa ka bari! Ba ka da hannun kashe injin? Sauran mutane ba rijiya suke haƙawa a yashi ba? Kai ne ka fi kowa albasa?"

"To wai kifi ya fi mutum ne? Kifi fa ya cika kasuwar Rano, na tanki, manya-manya."

"Wannan kitsen da ake ɗura wa abincin kaji? Fita ka ba ni wuri kafin in faɗi abin da zai bi ka."

Bayan kwana biyar aka dawo da Mato. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, bakinsa ya karkace. Aka shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida saboda zafi, matarsa Ramlatu tana yi masa fifita tana ba shi kunu da cokali. Zainaba ta shiga gaishe shi da hantsi, kunya kamar ta nutse.

"Sarkin Ruwa, ka yafe mana."

Ya ɗaga hannun hagu ya kore maganar kamar ƙuda. Da ƙyar kalmomin suka fito. "Ruwa... ya kai ina?"

Daga ranar ta samu aiki. Kullum da sassafe sai ta yafa mayafi ta gangara rafi, ita da gwiwoyinta masu ƙara, ta duba saiwoyin baure da suka sauka cikin gurbin kamar matakala, ta dawo ta ba shi labari. Yau ruwa yana saiwa ta uku. Yau ya sauka da ɗan yatsa. Haliru dai ya haƙa rijiyarsa a yashi yana ƙunƙuni, kuma gora tana nan tsaye.

"Tarwaɗa tana fitowa shan iska?" in ji Mato wata safiya.

"Har da wata mai kai kamar faranti."

Ya yi dariya da rabin baki, yawu ya zubo, Ramlatu ta goge masa da gefen zane. "Na santa. Shekararta biyar." Ya huta. "Sati biyu, Zainaba. Su yi haƙuri... sati biyu kawai. Iskar gabas ta fara."

"Za su yi," ta ce, alhali ta san mutanen garinsu sarai.

Bai ga sati biyun ba. Ranar Talata bayan sallar azahar Ramlatu ta kawo kunu ta tarar ya tafi, idonsa a buɗe yana kallon saman rumfa. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi makwancinsa. Ɗansa Ja'afaru, direban babbar mota ne a Kano, ya iso da ƙyar ya samu salla. Mutanen da suka shekara bakwai suna yi wa Mato dariya su ne a sahun gaba, kowa yana cewa an yi rashin mutumin kirki. Zainaba tana jin su ta kan katanga tana cije leɓe.

Washegari ba ta je rafi ba. Wa za ta kai wa labari? Ta wuni cikin gida tare da Ramlatu suna karɓar gaisuwa, mata na shiga suna fita da kwanukan abinci. Tun da hantsi take jin ƙugin injina daga wajen fadama, amma a bazara wannan ba abin ɗaga kai ba ne. Abin da ba ta sani ba shi ne maganar da maza suka ƙulla a kan tabarmin ƙofar gida. Wani ya ce ai a da in masunci ya rasu, da kifi ake yi masa sadakar uku, balle Sarkin Ruwa guda. Wani ya ce gurbi ai a ɗaure yake. Sai na ukun ya kawo fatawar da kowa yake jira, ya ce wanda ya ɗaure ya tafi, ɗauri ya bi shi. Masu albasa suka ce su kuma za su ba da injinansu kyauta saboda Allah. Kowa ya tashi yana jin ya yi abin lada.

Bayan la'asar aka fara shigo da kaya. Robobin wanki uku, buhun taki biyu masu ɗigar taɓo, da wani daro da mutum biyu suka kinkimo. Ƙarnin kifi ya cika gidan makoki. Haliru ne ya ajiye daron, Ja'afaru kuwa ya biyo bayansa da wuƙa a hannu, ya zo ya durƙusa gaban Zainaba cikin ladabi.

"Inna Zainaba, ke ce gwanar aikin nan. A gyara mana na sadakar gobe."

Ta dubi daron. Wasu suna motsi har yanzu, suna buɗe baki suna rufewa. Har da ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba, an kwaso su da taɓonsu.

"Daga ina?"

"Daga gurbin Baba mana. Inji uku muka sa, kafin azahar ya ƙafe tas. Da hannu muka riƙa tsinta, ko ɗaya ba mu bari ya lalace ba."

"Ko ɗaya ba ku bari ba."

"Don shi muka yi, Inna. Kada a ce Sarkin Ruwa ya rasu an ci tuwo da miyar kuka lami."

Zainaba ta miƙe. Ba ta nemi takalmi ba, mayafin ma a hannu ta ja shi. Ta ratsa zaure ta tsaya a bakin ƙofa, inda mace ba ta tsayawa ranar makoki, dattawa jere a tabarmi da carbi a hannu.

"Sannunku da aikin lada!" ta ce. "Jiya kuka binne shi, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, yau kun binne rafin. Shekara bakwai yana ɗaukar dutse a ka, waye a cikinku ya taɓa kama masa ko sau ɗaya? Sati biyu ya roƙa. Yana kwance bakinsa a karkace, sati biyu yake roƙo!"

"Haba Zainaba, gidan rasuwa ne fa," in ji wani dattijo.

"Na san gidan rasuwa ne, Malam, ni na ɗebo ruwan wankansa. Ku kuwa ruwan albasarku kuke so, kuka rasa ta inda za ku ɓullo sai ta kan gawa. Da kun fito fili kun ce mun gaji da jira, da na ce ku ɓarayi ne masu gaskiya. Amma ku ce sadaka? Ku ci amanarsa, sannan ku ɗaga hannu ku ce Allah ya kai lada kabarinsa?"

Ta juya kan Ja'afaru, wanda ya biyo ta yana tsaye a zaure.

"Kai kuma ko tambaya ba ka yi ba? Ba ka ga gora a tsaye ba?"

"Na gani," ya ce a hankali. "Ni na cire ta. Cewa aka yi ɗa ne yake cirewa." Idonsa ya kawo ruwa. "Shekarata goma sha biyu ba na gari, Inna. Na ɗauka yana tara su ne don rana irin wannan."

Wannan ta fi komai ƙona mata rai, domin ta ga da gaske yake. Haliru kuwa, wanda ya san komai, ya raɓe a jikin bango yana kallon yatsun ƙafarsa. Ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. Ba ta da kalmar da za ta faɗa masa wadda uwa za ta iya janyewa daga baya.

Ramlatu ce ta aiko a kira ta. Tana zaune a bakin ɗaki cikin mayafin takaba, ba ta ɗaga murya ba.

"Zainaba, zo ki zauna. Sun riga sun mutu. In aka bar su a zafin nan, kafin gobe sun ruɓe, a zubar a bola. Wannan ma ba zai so ba."

Zainaba ta jawo kujera 'yar tsugune, ta ɗaure zane, ta karɓi wuƙar. Ta sa hannu a daro ta ciro tarwaɗa ta farko, ta kwantar a kan faranti, ta tsaga cikin. Ƙwai ya zubo mata a tafin hannu, jaka biyu cike taf, har suna sheƙi. Ta ajiye a kwanon sha da ke gefe. Ta ciro ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Matan da suke surutu a tsakar gidan suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ake ji sai ƙarar wuƙa a kan faranti.

Kafin ta kai rabin daron kwanon ya cika, ƙudaje sun fara sauka. Ramlatu ta miƙa hannu ta ɗauko faifai ta rufe shi.