Wa Zai Tare Vern?

Ana cikin waƙa ta uku Marlene ta daina yaudarar kanta, ta yarda cewa waɗanda suka shigo su ke nan, babu wasu a hanya. Tana tsaye bayan teburin da take jera rigunan sayarwa na ƙungiyar kiɗan mijinta, ta sake bin ɗakin da ido. Ba su cika ashirin ba, har da mai zuba giya. La'asar ce ta Lahadi, ga sanyin garin Toledo, ga wasan ƙwallo a talabijin, duk mai hankali yana gida a miƙe kan kujera.

Ba ƙarancinsu ne ya tayar mata da hankali ba, inda suka tsaya ne. Duk sun ja baya sun jingina da bango, sun bar fili a gaban dandamali, siminti tsirara, wanda za a iya ajiye mota a cikinsa.

A kan dandamali kuwa mijin nata, Vern, yana ta abin da ya saba. Shekara sittin da biyu, furfura har kafaɗa, tumbi ya danne bel, amma muryar tana nan da kaushinta. Ya cire tabarau, don a wurinsa mawaƙin kiɗan rok da tabarau abin dariya ne. In babu tabaran, ga fitilu ja da fari suna dukan fuskarsa, Marlene ta san ko yatsunsa da ƙyar yake gani.

Duk wanda ya san Vern Pruitt ya san waƙarsa ta ƙarshe. Idan ganga ta ɗau zafi sai ya ajiye jita, ya juya wa jama'a baya, ya ja dugadugansa har bakin dandamali, ya ware hannuwa, ya faɗo da baya kamar an sare itace. Ba ya waiwaye. Rashin waiwayen shi ne abin kallon. Sama da shekara talatin yana yi, hannuwa na cafe shi, a yi ta miƙa shi bisa kawuna har ƙofa a dawo da shi. A wancan zamanin ɗakin nan cika yake yi har bango ya yi gumi.

To, bara aka yi masa aiki a ƙashin baya, aka ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Likitar ba ta ɓoye ba, a gaban Marlene ta faɗa: in ya faɗi a kan bayan nan, keken guragu ne, shi ma in an yi sa'a. Tun daga nan ya rage magana, ya wuni a taga yana kallon titi. Yau ne wasansa na farko tun bayan aikin.

A mota, a hanyarsu ta zuwa, ta roƙe shi.

"Vern, yi mini alkawari ba za ka faɗo ba."

"Za mu gani," ya ce, yana laluben tashar rediyo.

"Ban ce mu gani ba. Alkawari na ce."

"Ke dai ki sayar da rigunanki, tsohuwa."

Haka Vern yake. Kunnensa ɗaya lasifika ce ta kashe, ɗayan kuma shi ya toshe abinsa da kansa.

Ta bar rigunan, ta ratsa zuwa lungun da Bernadette, mai kulob ɗin, take zaune gaban maɓallan sauti da fitilu. Sai da ta kai baki kunnenta.

"Bernie, kunna fitilun ɗaki!"

"Me kika ce?"

"Fitilun ɗaki! Ya ga babu kowa a gabansa!"

Bernadette ta zare audugar kunnenta, ta dube ta sheƙeƙe. "Kin san me kike faɗa kuwa? Mutum ya yi wata da watanni yana koyon tafiya saboda ranar nan, sai in haska masa bango da kujeru? Ai na kashe shi a tsaye."

"Gara a tsayen."

"Haba, Marlene, ba zai faɗo ba. Vern yaro ne?"

"Kin riga ni saninsa. Kalli idona ki sake faɗa."

Bernadette ba ta kalle ta ba. Ta mai da audugarta, ta ce, "Je ki nemi Hollis."

Hollis yana kan doguwar kujera a bakin kantar giya, da kwalba a gabansa. A da, shi da abokinsa Curtis su ne 'yan gaba, ba a taɓa yin wasan Vern ba su a wurin ba. Ya saurare ta yana murza kafaɗarsa ta dama.

"'Yar'uwa, jikata ma ba na iya ɗagawa yanzu. Curtis ne mai tarar kai, kin kuwa san mun binne Curtis." Ya dubi filin simintin, ya sauke ƙafa daga kujera da nishi. "Zan tsaya. Amma in ni kaɗai ne, mu biyu za a kwasa."

Saura yaran da ke jikin bango. Ƙungiyar da ta buɗe wasa suka zo kallo, ba su dai tafi ba. Kowa da waya a hannu. Marlene ta tunkari wani dogo mai rigar aikin gareji, an rubuta Desmond a ƙirjinta, da wata yarinya mai koren gashi a gefensa.

"Samari, don Allah ku matso gaba. A waƙar ƙarshe faɗowa zai yi."

"Ai mun sani, Mama!" in ji dogon, yana washe baki. "Shi muke jira. Babana ya ce a gabansa aka taɓa ɗaukar mutumin nan har titi." Ya ɗaga wayarsa. "Daga nan ya fi fitowa da kyau."

Marlene ta bi su da ido. "To wa zai tare shi?"

Suka dubi juna.

"Ba akwai masu yi ba?" in ji mai koren gashi. "Ni na ɗauka ma'aikata ne."

"Ku ne ma'aikatan! Wanda ya zo kallo shi ke tarewa, haka ake yi!"

"Kai, Mama, kin ga girmansa kuwa?" wani gajere ya sa baki. "In ya karye a hannunmu fa? Gobe a ce mu zo kotu."

"Ni ce matarsa, ni ce mai kai ƙarar. In kuka bari ya taɓa ƙasa ne za ku ga kotu."

Ta fizge wayar Desmond ta jefa a jaka.

"Mama, wannan fa ƙwace ne!"

"Kira 'yan sanda mana. Da me za ka kira su?"

Yarinyar ta tuntsire da dariya, ta miƙa tata da kanta. Wasu suka sulale wajen kantar giya kamar ba da su ake ba. Da jan hannu da roƙo da zagi Marlene ta samu mutum biyar, ta kora su cikin filin. A lokacin waƙa ta kusa da ƙarshe ta yi nisa.

Sai a nan ta tuna ita kanta ba ta san yadda ake yi ba. Duk shekarun nan, da an fara waƙar ƙarshe banɗaki take shigewa, ta buɗe famfo, ba ta fitowa sai ta ji tafi. Hollis ne ya jera su, yana ihu don a ji shi.

"Tafin hannu a buɗe! Kar ku ƙage, ku bi shi ƙasa kaɗan. Kai dogo, tsakiyar baya naka ne, nan ƙarfen yake. Kar wanda ya kauce! In ɗaya ya kauce, shi ke nan." Ya waiwaya. "Wa ke tarar kai?"

Marlene ta rataya jakarta a wuya, ta koma bayansu ta tsaya.

Aka fara waƙar ƙarshe. A nan gaba ƙarar ba a kunne take shiga ba, a ƙirji take shiga, har haƙora suna kaɗawa. Dandamalin ya kai ƙirjin mutum, bai taɓa yi mata tsawo kamar yau ba. Ta ɗaga hannu tana yi wa Teo, mai ganga, alama ya tsayar. Teo ya hango ta, ya dubi Vern, ya girgiza masa kai da ƙarfi. Vern ko a jikinsa. Ya zare jita daga wuya ya jingine ta, ya juya baya.

Ta ga dugadugan takalmansa suna ja baya, suna ja, har rabinsu ya fito iska. Ya ware hannuwa. Teo ya yi ta jan kiɗan, ya ƙi kai shi ƙarshe, gumi na zuba masa, kamar in ya ja da yawa mutumin zai fasa. Marlene ta ɗaga hannuwa. Addu'a ma ta ƙi zuwa bakinta. A gabanta yarinyar tana ta "wayyo, wayyo" ƙasa-ƙasa.

Sai gajeren nan ya sauke hannu ya ja da baya. Wurinsa ya zama rami, daidai inda kafaɗar hagu za ta sauka.

"Dawo!" Marlene ta kurma ihu, amma ko ita ba ta ji muryarta ba.

Wani ya banke ta ta gefe ya shige ramin. Bernadette ce, ta baro maɓallanta, audugar na kunnenta.

Vern ya faɗo.

Nauyin ya fi yadda kowa ya zata. Layin ya lotsa, Desmond ya zube kan gwiwoyinsa bai saki ba, Hollis ya yi wata ƙara da ta fi ganga. Kan Vern ya daki tafukan Marlene, jiƙe da gumi, ya ja ta har ƙasa. Da komai ya tsaya, tsakanin bayansa da siminti bai fi faɗin hannu ba. Ba wanda ya yi tunanin miƙa shi bisa kawuna. A hankali suka shimfiɗe shi, kamar masu sauke gilashin taga.

Kiɗa ya mutu.

"Motsa ƙafarka," in ji Marlene. "Vern! Motsa ƙafarka!"

Takalmin dama ya motsa, sannan na hagu.

Yaran suka ɓarke da ihu suna dukan bayan juna. Desmond na dariya yana cewa, "Kun ga tsiyar? Ba wanda ya ɗauki bidiyon a cikinmu!" Hollis ya zauna daɓas a ƙasa riƙe da kafaɗa, yana zagin Vern da uwarsa da ubansa.

Vern ya buɗe ido, ya ƙanƙance su yana duban fuskar da ke bisa kansa.

"Marlene? Me kike yi a nan?" Ya juya ido gefe da gefe. "Su wane ne waɗannan?"

"Mutanen da na roƙo ne, wawan tsoho." Kuka ya ƙwace mata. "Babu kowa a gabanka, Vern, siminti ne kawai. Fitila ta rufe maka ido, ba ka gani ba."

"Ba sai na gani ba," ya ce a hankali. "Tun waƙar farko na ji. Ɗakin da babu mutane muryarka yake dawo maka da ita."

Kukan ya tsaya mata cak. Ta duba fuskarsa tana neman wasa a ciki, ba ta samu ba. Murna ma babu, ta mutumin da ya tsira.

"Ka sani?"

Ta ƙara sunkuyowa kansa.

"Ka san babu kowa a ƙasa, ka faɗo?"

Ya mai da ido kan rufin ɗakin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗaga ni," ya ce. "Simintin nan da sanyi."

Yaran suka miƙo hannuwa suna raha, suna tambayar yaushe za a sake. Marlene ba ta saki kansa ba. Tun da rana tsoron siminti take ji. Yanzu mutumin da ke hannunta ne yake ba ta tsoro, kuma da shi za ta koma gida.