Hannun Baba da Bulon Talabijin

A hunturun 1983 ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Baba, Vernon Halvorsen, maginin da ya shekara talatin yana ɗora bulo a garin Duluth, ya koma ko cokali ba ya iya riƙewa. Likita ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa wa kare.

Ni na kawo wata kwamfutar wasa daga Minneapolis inda nake koyarwa, na jona ta da talabijin ɗin falo. A kaset wasan yake, sai ya yi minti biyar yana tsuwa kafin ya fito. Bulo ne jere a sama, ja da rawaya da kore, ɗan ɗigo yana dukansu yana dawowa, kai kuma ka tare shi da 'yar sanda a ƙasa, kana murɗa wani abu kamar na rediyo.

Baba ya daɗe yana kallo. "Lorna, wa ya yi wannan gini? Ko siminti babu."

Ya ce shi gini ya koya, ba rushewa ba. Sai Mama ta karɓa. Kullum bayan kofin safe ta zauna gabansa tana zubar da ɗigon, yana faɗa mata hagu tana yin dama. Na ɗauka ba ta iya ba ne, har ranar da na same ta da rana, yana barci, ta share bangon tas. Ta ɗora yatsa a baki.

A kwana na shida haƙurinsa ya ƙare. "Miƙo nan, Ardis, kin ishe ni."

Ya kai hannun hagu, ta janye abin. Ta ce ita da dama take yi, ba ta yarda da maguɗi ba. Ya karɓa da hannun dama, sau uku yana suɓuce masa. Ba wanda ya ɗauko masa, shi ma bai nema ba.

Na koma aiki. Wata Lahadi, ƙanƙara ta fara narkewa, ya kira ni a waya da kansa, yana faɗa. Wai ya gama rushe bangon kaf, sai ga wani sabo ya fito.

"Haka yake, Baba. Ba ya ƙarewa."

"Shi ne ba ku faɗa mini ba?" Ina jiyo dariyar Mama daga kicin.

Bai koma gini ba. Amma da bazara ta yi, shi yake ɓalla maɓallan rigarsa, kuma ya ƙara shekara shida suna musu da Mama kan wanda ya fi wani.