Taraktar da Aka Rarraba Ajiya a Damaga

Mamuda direban tarakta ne, ko a ce da can shi direba ne, don a shekarun nan ba abin da yake tuƙawa sai tsohon kekensa, daga gida zuwa ofis a Talata Mafara, ya zauna a benci har a kira azahar. Taraktar gwamnati da ke hannunsa ta shiga Damaga aikin huɗa wata damina, ba ta sake fitowa ba. A ofis aka ce ta ɓata. A bakin mutanen gari kuwa Mamuda sayar da ita ya yi, har da masu rantsuwa sun san wanda ya saya. Halin mutanenmu ke nan, ba su ga komai ba amma su ne shaidu.

Abin da ya faru daban ne. Yana tsakiyar aiki labari ya zo cewa 'yan bindiga sun tare hanyar Maradun, sun ƙone motoci wajen Gidan Goga. In ya fito da ita hanya, ya miƙa musu ke nan. In ya bar ta a fili, su cinna mata wuta. Sai shi da dattawan garin suka kwance ta, suka rarraba ta ajiya gida-gida. Tayoyi suka shiga ƙarƙashin rumbuna, garma ta tafi gidan maƙeri, gangar jikin aka tura ta wani kango aka lulluɓe da kara. Ya dawo ya gaya wa shugabansa baki da baki. Shugaban ya ce Allah ya kyauta, ba a jima ba aka sauya masa wurin aiki, ya tafi da maganar a cikinsa. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa, da Mamuda ya ce a je a gani, sai kowa ya tuna yana da iyali.

Ritayarsa ta matso sai ga sabuwar doka. A rediyo ya ji majalisa ta ƙara wa babban mai binciken kuɗi na jiha ƙarfi. Da can iyakarsa ya aiko tambaya ya zauna jiran amsar da ba ta zuwa. Yanzu yana iya kiran mutum, ya je ya duba da idonsa, in kayan gwamnati sun salwanta a hannunka ya riƙe haƙƙinka na ritaya, in bai isa ba a sa hannu a gidanka. Gidan Mamuda ɗaki uku ne, shi da matarsa Taiba da yara, kuma ko an sayar da shi sau biyu bai kai kuɗin tarakta ba.

Wanda aka turo daga Gusau wani jami'i ne mai suna Zaharadeen, mutum marar yawan magana. Ya saurari Mamuda har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya tambaye shi ko zai iya kai shi wurin.

Shekaru Mamuda yana jiran wannan tambaya, amma da ta zo sai ya fara shakkar ko zai tarar da komai. Damaga ta sha wuya a bayansa. An yi yunwa, an yi gudu, an sayar da awaki da ƙyauren ɗaki don a fanso 'yan'uwa. Mutumin da ɗansa ke hannun 'yan bindiga, ga taya a ƙarƙashin rumbunsa, wa zai ga laifinsa in ya sayar?

Suka tafi da rakiyar jami'an tsaro. Aka yi gaisuwa a ƙofar gidan mai gari kamar ba za a gama ba, aka tambayi gida da gajiya da hanya da mutanen Mafara. Sannan mai gari ya aika a ce kowa ya fito da ajiyar Mamuda.

Suka fara fitowa. Wani ya garo taya, kaji sun mayar da cikinta akurki. Maƙeri ya kawo garma, yana ba da haƙurin tsatsa. Wani mutum da rabin gidansa ke ƙone ya sauke sitiyari daga rufin ɗakin da ya rage masa. Aka yaye karan da ke kan gangar jikin, ga ta nan tayoyi babu, kamar saniyar da ta durƙusa. Zaharadeen yana dubawa yana ɗaukar hoto, Mamuda kuwa ya koma gefe yana share ido da hannun riga.

Abu ɗaya ne bai fito ba, famfon da ke tura wa injin mai, wanda ya fi komai tsada a cikin abin da aka kwance. Zaharadeen bai ɓoye masa ba: in babu shi, kuɗinsa a wuyan Mamuda yake, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye haƙƙin nasa. Wata tsohuwa mai suna Hussaina aka ba ajiyarsa. Aka nuna musu inda gidanta yake da, toka ce da guntun katanga. An ce tun ranar da aka ƙone shi ta gudu Bakura wurin ɗiyarta.

Washegari suka isa Bakura. Mamuda bai sa rai ba, ya je ne don kada a ce bai je ba. Suka same ta a wani ɗan ɗaki bayan gidan surukinta, babu komai cikinsa sai tabarma da buta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ƙura masa ido, ta gane shi, maimakon ta amsa sai ta hau shi da faɗa.

"Sai yau, Mamuda? Mutum shi ba ka ajiya shi tahi kamar an aike shi Makka ga ƙasa?"

Ta sa ɗiyarta ta jawo wani ƙunshi daga bayan ƙyaure. Aka kwance zane, aka kwance wani zanen, ga famfon nan fes, har man gyaɗa take shafa masa kada ya yi tsatsa.

Zaharadeen ya tambaye ta yadda aka yi ya tsira, alhali gidan ya ƙone.

"Ɗana, ran da sunka shigo, kaya guda kaina ka iya ɗauka. Kwanonina da tuhwahina nawa na, in sun ƙone ba mai tambaya ta. Wanga kau na mutane na."

Zaharadeen ya juya ya ce wa Mamuda tarakta ta cika, ba wanda zai taɓa masa gida ko haƙƙi. Mamuda ya zauna a ƙasa yana hamdala, wani sanyi yana ratsa shi wanda rabonsa da ji tun waccan damina. Ya fara yi wa tsohuwar godiya, ta ɗaga masa hannu.

"Bar godiyag ga, ɗauke kayanka. Kullum roƙon Allah nikai kar in mutu da shi ɗakina. Yau ni ma sai in yi kwana."