Dattijon Da Ke Ɗiga

Shekarar da aka buɗe sabuwar masaƙa, duk namijin da ke Makera ya zama mai neman takardar lafiya, don ba a ɗaukar mutum sai da ita. Tanko, mijin Jummai, ya je ɗan asibitin unguwa neman tasa, bakinsa ya ja masa. Likita ta tambaye shi ko akwai inda ke damunsa, shi kuwa sarkin gaskiya ya ce cikinsa ya ɗan murɗa shekaranjiya. Wake ya ci, ba wani abu ba. Aka ce ya kawo fitsari.

Jummai a wannan asibitin take wankin kwalabe, bayan ta gama sayar da kokonta da sassafe. Shekara shida tana ɗakin gwaji, ba ta san ko bihim a boko ba, amma idonta ya haddace aikin. Akwai wani sinadari a jikin mutum mai narkar da sitaci, idan wata tsoka ta bayan tumbi ta kumbura sai ya yi yawa a fitsari. Shi ake aunawa. A jera kwalabe goma, a zuba fitsari daga mai yawa zuwa kaɗan, a ƙara ruwan sitaci, a ajiye cikin ruwan ɗumi rabin awa, sannan a ɗiga aidin. Inda sitaci ya rage sai ya yi shuɗi. Idan shuɗi ya ƙi fitowa, mutum ya shiga uku.

Mai wannan aiki shi ne Mista Sylvanus, kuma kada ka kuskura ka manta da Mistan. Wata tara ya yi a Ikko yana kwas, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya haƙa tekun. Farar rigarsa ta sha guga, alƙaluma uku a aljihu, biyu ba tawada. Da baki yake zuƙo sitaci ta siririn bututun gilashi, ya hura shi cikin kwalabe, goro a kumatu, surutu bai tsaya ba.

Kwalaben Tanko goma suka fito fari fat.

"Jummai, sai haƙuri," in ji Mista Sylvanus, yana murmushin wanda ya tsinci dami. "Mijinki shi ne na goma sha biyu. Sabuwar cuta ce ta shigo Makera, ni na gano ta. Na riga na fara rubuta ripot."

Ran Litinin za a rufe ɗaukar ma'aikata, ga shi yau Alhamis. Hankalin Jummai ya tashi ƙwarai, don wata takwas ke nan Tanko na zaune. Ta tsaya tana kallon bututun nan, ta ga wani ɗan jan kumfa yana gangarowa a cikinsa. Haba! Wace mai koko ce ba ta san wannan ba? A bar mai saye ya kurɓa a ludayi ya mayar cikin tukunya, kafin hantsi koko ya tsinke ya zama ruwa.

"Mista, anya ba yawunka ne ke cinye sitacin nan ba?"

Ya ajiye bututu, ya dube ta sama da ƙasa. "Nan laburatare ne, ba gindin murhu ba. Ki je ki wanke kwalabenki."

Ta wanke kuwa. Washegari ta cika kwalba guda da ruwan famfo, ta ɗiga ragowar shayin likita har ya yi kalar fitsari, ta ajiye a kan teburinsa.

"Na waye wannan?"

"Na wani dattijo ne, yana tsaye a ƙofar baya. Ba ya iya riƙewa, kullum ɗiga yake yi."

Bayan rabin awa Mista Sylvanus ya fita da gudu, ya dawo da likita, wata Baturiya mai ɗan guntun gashi da Hausar koyo. Ya nuna mata kwalabe. Ya ce bai taɓa ganin mai tsanani irin wannan ba, in dattijon nan ya kai Lahadi a canza masa suna.

"Ina shi?" in ji likita. "A kawo shi maza."

"Ranki ya daɗe, ba ya tafiya," in ji Jummai. "Sai dai ku zo."

Suka bi ta, Mista Sylvanus a gaba da littafinsa. Ta tsaya a ƙofar baya, ta nuna musu famfo, yana ta ɗiga abinsa cikin tsohon bokiti.

Likita ta dubi famfo, ta dubi jan bakin Mista Sylvanus, ta ce Jummai ta faɗi abin da ta sani. Jummai ta yi mata bayanin ludayi da tukunya. Likita ba ta yi dariya ba, sai kunnuwanta da suka yi ja. Ta sa aka kira mutum goma sha biyun nan, ta toshe bakin bututu da auduga, ta yi gwajin da kanta. Kwalaben Tanko suka yi shuɗi kamar an tsoma su a marina. Uku daga cikin mutanen ba a same su ba, sun riga sun koma ƙauye jiran mutuwa.

Mista Sylvanus bai rasa aikinsa ba, irinsu ba sa rasawa. Ripot ɗin ma bai yar ba, kan maganar kawai ya sauya, ya zama binciken da ya yi a kan illar yawu.

Ran Litinin Tanko ya shiga masaƙa da takardarsa a aljihu. Da sassafen Talata Mista Sylvanus ya zo shan koko kamar kullum, ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi. Jummai ta janye tukunya, ta miƙo masa wani tsohon gwangwani.

"Naka daban, Mista," ta ce, a gaban layin ma'aikata. "Kada cutar Makera ta kama mini koko."