Iskar Kumatu

A shekarar da rijiyoyin Kurfai suka ƙafe, shanu suka riƙa mutuwa a bakin hanya, aka aiko daga likitar Filinge cewa kowane gari ya turo ungozomarsa, za a koya musu yadda ake ceto jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba. A ƙauyen nan na kusa da Tabla kuwa ko makaho ya san ungozoma ɗaya ce, Dijatu. Rabin magidantan garin ita ta yanke musu cibi.

Sai dai saƙon ya zo da wutsiya. Duk wadda ta je za a ci da ita safe da yamma, ta kuma dawo da jar dawar taimako. Nan take mai gari Manzo ya gano ashe ƙanwarsa Muna ma ungozoma ce, ita ya tura. Muna fa! Matar da ko akuya ta gani tana naƙuda sai ta kau da kai.

Dijatu ta ji zafi har cikin ƙashinta, kuma ba don dawar ba. Jikarta Hadiza na da tsohon ciki, mijin ya tafi ci-rani bai dawo ba, ita kuwa ta ga yadda 'ya'yan yunwa ke faɗowa, shiru, jiki ba ƙwari. Amma tsohuwar da ba namiji a gidanta, da wa za ta ja?

Muna ta dawo kumatu sun ciko, da akwatin ƙarfe a ka. Ba a daɗe ba Hadiza ta durƙusa da rana tsaka, ta sauka. Namiji ne, kammalalle, sai dai bai ce uffan ba. Dijatu ta yi duk abin da ta gada. Ta yayyafa masa ruwan randa, ta buga tasa kusa da kunnensa har hannunta ya yi tsami. Shiru. Ta ce a kira Muna da gudu.

"Ke Muna, ga shi nan, jikinai da ɗumi. Mi anka koya muku?"

Muna ta buɗe akwati. Almakashi, zare, sabulu. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan.

"Inna, ranar da anka gwada wanga, sai anka ce motar dawa ta zaka. Na tahi bin layi kada a ƙare."

A hannun Dijatu yaron ya huce. Aka binne shi a bayan ɗaki ba suna. Da la'asar Manzo ya zo har ƙofar gida, yana jan carbi, wai a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kwanan da bai ko fara ba! Abin takaicin ma, Dijatu ta kasa tsine wa Muna yadda zuciyarta ke so, don ta san yaran da ke ɗakin Munar, haƙarƙarinsu duk a waje.

Ranar kasuwar Filinge ta ja akuyarta ta ƙarshe ta kai. A inuwar wata rumfa ta hangi wata mata da irin akwatin nan, ta matsa ta gaishe ta. Kubura sunanta, ungozomar Sanam.

"Ɗiyata, don Allah gwada mini abin da anka koya muku."

Kubura ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe shi kamar jariri, ta ɗora a cinya.

"Ki share mai hanci da baki, ki murza mai baya. In bai motsa ba, ki ɗan ɗaga haɓatai, bakinki shi ruhe hanci da baki duka, ki hura. Ba da ƙirji ba, Inna. Iskar kumatu kaɗai."

"Sai mi?"

"Sai ki yi ta yi, har shi yi kuka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Dijatu ta daɗe tana kallon ɗankwalin. Ta cika kumatunta da iska, ta sake ta a tafin hannunta, ta ji ɗuminta. Sai hawaye suka ɓalle mata a tsakiyar kasuwa.

"Wagga ai ina da ita ran nan," in ji ta.