Guzurin Gwaggo Kyauta

Na'Allah ya ɗora ƙunshi na bakwai a kan ma'auni. Allurar ta yi 'yar rawa kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta wuce inda ake so ta tsaya.

"Kilo sittin da huɗu," in ji ma'aikacin kamfanin jirgi, wanda ake kira Mushe Mahamane, wato Malam a bakin Faransanci, yana sharce zufa. "Na mutum ɗaya ke nan?"

"A takarda na mutum ɗaya ne," Na'Allah ya ce. "A gaskiya na garin Gazawa ne gaba ɗaya."

Kwana uku ke nan suna filin jirgin Maraɗi, shi da gwaggonsa Kyauta mai man gyaɗa, da wasu maniyyata goma daga Agiye da Gidan Rumji. Shekarar da ta bi samun 'yancin kai ce, tutar da ke kan buro, wato ofishin filin, ko koɗewa ba ta fara ba. Babban jirgin da aka yi musu alkawari ran Litinin ya lalace a Damagaram. Yau Laraba aka turo wani ƙarami, yana can zaune a rana kamar shamuwar da ta rasa 'yan'uwanta. Shi zai kai su Yamai, inda jirgin alhazai na ƙarshe zai tashi gobe. Wanda ya rasa wannan sai baɗi. Gwaggo Kyauta kuwa ta haura saba'in, ba ta faɗin baɗi sai ta ɗan yi shiru tukuna.

Matuƙin jirgin, wani Bature jajur, ya ce dole a tashi kafin azahar, kuma ya yanka iyakar nauyin da zai ɗauka, mutane da kaya duka. Wai iska ma ramewa take yi da bazara, kamar saniya, ba ta iya ɗaukar abin da take ɗauka da sanyi. Wannan magana ta yi wa Na'Allah daɗi ƙwarai. Ya daɗe yana kallon sama yana neman haƙarƙarin iskar.

Tun da safe aka auna kowa. Yanzu Mushe Mahamane ya gama haɗawa ya ɗago kai.

"An wuce da kilo hamsin. Gwaggo, ki yi haƙuri. Ko kayan su sauka, ko ki sauka tare da su."

"Ɗan nan, ko ƙulli ɗaya ba zan bari ba," in ji Gwaggo, tana zaune a kan buhu tana fifita da gefen mayafi. "Kilishin can na Sale mahauci ne. Dakuwar nan Habi ta kwana tana dakawa. Zumar Tsoho ce, zabin Tala ta soya. Ga su can bakin wayar shinge suna kallona. In na ɗauki na wannan na bar na wancan, da wane ido zan koma gari?"

Gaskiya ne, suna can. 'Yan rakiya cike da babbar mota suka zo ran Litinin, suka rantse ba su komawa sai sun ga ƙafar jirgi ta rabu da ƙasa. Kuɗin cefanensu ya ƙare tun jiya. Amma ba wanda ya dubi guzurin, don Gwaggo ta ce na hanya ne, hanya kuwa ba a kama ta ba.

Malam Gado, malamin lakol, makarantar boko ta Agiye, ya buga tebur. "A ba ni littafin koke! Yanzu ƙasa tamu ce. Kwana uku ba abinci, ba ruwa, ba bayani!"

Aka jawo littafin daga ƙarƙashin ƙafar tebur, inda ya daɗe yana hana shi girgiɗi. Malam Gado ya hure ƙurar, ya duƙufa yana rubutu da Faransanci, har harshe waje.

Shi Na'Allah ba littafin ya dame shi ba. Shekara ashirin da biyu yana awon gyaɗa a Gazawa, ya san ma'auni kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai mai ƙarya, akwai mai kasala, akwai wanda sai an dafa shi yake faɗin gaskiya. Ya sa hannu a aljihun dama ya fito da wani dunƙulen ƙarfe baƙi, kilo ɗaya cur, wanda yake gwada kowane ma'auni da shi kafin ya yarda manomi ya ɗora buhunsa. Ko sallar Idi da shi yake zuwa, har rigunansa duka sun karkace ta wannan gefen. Da safe ma da shi aka auna shi.

Ya sauke kayan, ya ɗora ƙarfen. Allurar ta tsaya a kan ɗaya, ba gaba ba baya.

"To?" in ji Mushe Mahamane.

"Mutumin kirki ne," Na'Allah ya ce cikin sanyin jiki, ya shafa ma'aunin, ya mai da ƙarfensa aljihu. Ya so ƙwarai a ce maƙaryaci ne.

Inuwa tana ta guntulewa. Ya je ya tsuguna gaban gwaggonsa.

"Gwaggo, ran Litinin da kika fito daga ɗaki, da wace ƙafa kika fito?"

"Da dama mana. Ka gani da idonka."

"Liman ya yi addu'ar tafiya?"

"Ya yi."

"Kin koma gida tun ran nan?"

"Kai, Na'Allah, faɗi abin da ke bakinka. Tun kana yaro haka kake zagaye-zagaye kamar kaza za ta yi ƙwai."

"To ai kwananki uku a hanya. Su ma waɗancan a hanya suke, tare da ke. Guzuri kuwa ba a ce sai a sama ake cinsa ba. In aka ci a nan ba a bar na kowa ba, an ci na kowa."

Gwaggo ta daina fifita. Ta dubi waya, ta dubi buhunan, ta dube shi.

"Ubanka ma haka yake, Allah Ya jiƙansa. Sai ya sai da maka akuyarka ka yi godiya." Ta miƙe. "A shimfiɗa tabarmi!"

Jandarman da ke tsaron ƙofa ya yi kamar bai gani ba, daga baya ma shi ya buɗe. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar buro. Gwaggo tana kwance ƙunshi tana kiran mai shi da ƙarfi, kowa ya ji. Daga kowane ɗaya sai ta ɗebi ɗan kaɗan ta ƙulle a tsumma ta ajiye gefe, sauran a tura tsakiya.

"Wannan na Jaye ne! Dabino! Jaye, ni za ka aika Madina da dabino?"

Wuri ya kaure da dariya. Jaye ya rufe fuska da hula.

Malam Gado ya ajiye alƙalami ya kai hannu ga kilishi. Har ya kai baki sai Na'Allah ya riƙe masa hannu.

"Malam, dakata. Mu masu tafiya ba ma ci."

"Saboda me? Ni na fi kowa yunwa!"

"Abin da ya bar buhu ya shiga cikinka bai bar jirgi ba. Ma'auni za mu yaudara, iskar kuwa ba ta karanta takarda."

Malam Gado ya dubi kilishin kamar mai sallama da ɗan'uwa, ya miƙa wa jandarma. Ta haka maniyyata goma sha biyu suka zama masu raba abinci, cikinsu na kuka, 'yan rakiya na ci suna sa musu albarka. Sale mahauci ya ci dakuwar Habi ya ce gishiri ya yi kaɗan, ta ce ai ba a sa wa dakuwa gishiri irin na kilishin da ake ɓoye tsufan bijimi da shi. Mushe Mahamane ya ci zabuwa guda a tsaye. Baturen ma ya matso ya miƙa hannu, Na'Allah ya ce, "Mushe, gaya masa shi ma a cikin jirgin yake." Da aka fassara masa ya yi dariya har ya ƙara ja.

Aka sake ɗora abin da ya rage: kayan sawa, buta, da 'yar jakar ƙulle-ƙulle. Mushe Mahamane ya haɗa, ya sake haɗawa, fuskarsa ta canza.

"Saura kilo ɗaya. Matuƙi ya ce ko rabin kilo ba zai ƙara ba."

Gwaggo ta rungume jakar. A ciki kowa na Gazawa yana da ƙullinsa. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai wani da bai gama tauna ƙuli-ƙuli ba.

Na'Allah ya sa hannu a aljihun dama, ya fito da ƙarfen, ya ajiye a kan tebur.

"Da shi ka auna ni da safe. Cire shi daga nauyina. Ajiya ce, Mushe, ba kyauta ba. Kowace safiya ka gwada mutumin nan da shi, kada ya koyi halin banza kafin in dawo."

Kafin su fita ya jawo littafin koke. A ƙarƙashin shafi uku na Malam Gado ya rubuta da ajami: Kamfani ya kira baƙi kwana uku bai ba su ko ruwa ba. Baƙin ne suka ciyar da kamfani. A sa randa a bakin ƙofa. Ma'auninku dai mai gaskiya ne.

Jirgi ya yi gudu, ya yi gudu, kamar ba zai yanke shawara ba, sannan ƙasa ta sake shi. Ta taga 'yan rakiya suka koma kamar gyaɗar da aka baza a shanya. Na'Allah ya ji rigarsa ta zauna daidai a kafaɗunsa, abin da bai saba ba, sai kai hannu yake yi aljihu.

Gwaggo ta buɗe ido, ta saki hannun kujera, ta kwance ƙulli ɗaya.

"Yanzu fa? An yarda a ci?"

"Yanzu duk ɗaya ne, Gwaggo. Iska ta riga ta ɗauka."

Ta miƙa masa dabinon Jaye, ta miƙa sauran baya ga Malam Gado.